Ɗan Riƙo: Ɗa Ne Ko Bara?

Duk wanda ya saba tsayawa a ƙofar majami'a da safiyar Lahadi ya san wannan hoto. Maigida yana gaba riƙe da Littafi Mai Tsarki, uwargida tana biye, yara uku sun sha anko har da sababbin takalma. Can baya kuma ga wata yarinya 'yar shekara goma, goye da autan gidan, jakar uwargida a hannunta, silifas ɗinta ya sha ɗinki. In an tambaya wace ce, sai a ce, “Ai 'yar ƙanwar Mama ce, daga ƙauye aka kawo ta muna riƙo.” A bakin ƙofa za ta zauna tana rarrashin jariri har a tashi sujada. Ranar Litinin kuma, sa'ad da 'yan gida suka kama hanyar makaranta, ita tana bakin rijiya.

Ba mai cewa wannan iyali mugaye ne. Suna ba da zakka, suna zuwa addu'ar tsakiyar mako, kuma da ba su ɗauko yarinyar ba, watakila ko abincin yau ya gagare ta. Amma akwai tambayar da ta wajaba a kan kowane gidan masu bi: idan mutum ya karɓi yaron da bai haifa ba, wane hakki ne yaron nan yake da shi a kansa a gaban Allah? Ciyarwa kaɗai ta isa?

Al'adar da aka gada

Riƙo ya riga bishara zuwa ƙasar nan. A ƙasar Hausa uwa takan ji kunyar ɗan fari, sau da yawa kuma bayan yaye sai kaka ko gwaggo ta ɗauke shi. Matar da ba ta samu haihuwa ba, 'yan'uwa sukan ba ta ɗa don kada ɗakinta ya zauna shiru. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta haihu ba, amma ta reni 'ya'yan dangi har ta aurar. Haka yake a tsakanin kabilun Filato, Adamawa da kudancin Kaduna: in mutum ya rasu, 'ya'yansa sun zama na ɗan'uwansa, ba sai an yi shawara ba. Da makarantun mishan suka zo, riƙo ya zama gadar ilimi. Fastoci da malamai da ma'aikatan asibiti da yawa sun yi karatu ne a Gindiri, Kagoro, Numan ko Garkida domin wani kawu ko wani mai bishara ya ba su wurin shimfiɗa tabarma.

Abin da ya tsare ɗan riƙo a wancan zamani shi ne idon jama'a. Uwarsa tana ƙauye na gaba, ranar kasuwa za ta gan shi. In ya rame, dattawa za su tambaya. Shi ya sa aka ce ɗa na kowa ne. Yau kuwa ana ɗauko yarinya daga bayan Pankshin ko Zonkwa a kai ta Abuja ko Legas, cikin gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, inda ba mai jin kukanta. Har an samu dillalai masu yawo ƙauyuka suna tattara yara da alkawarin makaranta, su rarraba su gidaje, su riƙa karɓar kuɗin aikinsu kowane wata. Sunan riƙo yana nan, amma abin da ke cikinsa ya sāke.

A daidai wannan lokaci kuma bukata ta ƙaru. Cutar ƙanjamau ta bar marayu masu yawa tun daga shekarun 1990. Rikicin Kaduna na 2000, da na Jos na 2001, 2008 da 2010, sun ƙara wasu. Tashin hankalin Boko Haram da ya fara a 2009 ya kai ga faɗuwar Gwoza, Madagali, Michika da Mubi a 2014, inda yara suka gudu cikin duwatsu suka rabu da iyayensu. Hare-haren ƙauyuka a Binuwai, Filato da kudancin Kaduna sun ci gaba da mai da mata gwauraye, yara kuma marayu. Da wuya a samu ikkilisiyar da ba ta da irin waɗannan yara a cikinta ko a maƙwabtanta.

Gidan marayu ko gidan iyali?

Wani zai ce, ai ga gidajen marayu, me ya sa ba za a kai su can a huta ba? Gaskiya ne gidajen nan sun yi aikin da ba za a manta ba. A 1909 mishan na SUM ya buɗe gidan 'yantattun bayi a Rumasha, a bakin kogin Binuwai, don tunawa da Lucy, matar Karl Kumm, daga baya aka mai da shi Wukari. Yaran da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi sun samu abinci da karatu a wurin. Har yau akwai bayin Allah da ke aiki dare da rana a irin waɗannan gidaje, kuma akwai yaran da in ba don su ba da sun mutu.

Duk da haka, yaro yana bukatar abin da ma'aikaci mai karɓa-karɓa ba zai iya ba shi ba, wato mutum ɗaya da zai san kukansa, ya kuma kasance yana nan gobe da jibi. Bayan faɗuwar gwamnatin gurguzu a Romaniya a 1989, an tarar da dubban yara cunkushe a gidajen gwamnati. A farkon shekarun 2000 masana suka bi diddigin yara 136 daga irin waɗannan gidaje a birnin Bukares. Rabinsu aka kai su hannun iyalai masu riƙo, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda suka samu iyali sun fi sauran ci gaba a hankali da magana da shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka kai tun ba su cika shekara 2 ba. A 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kula da yaran da ba sa hannun iyayensu, inda aka fifita dangi da iyali a kan manyan gidajen reno, aka kuma ce talauci kaɗai bai isa dalilin raba yaro da iyayensa ba.

Masu bi ba su jira masana kafin su san wannan ba. Zabura 68:5-6 ta kira Allah uban marayu, ta kuma nuna cewa cikin iyali yake zaunar da wanda ba shi da kowa. Mary Slessor, wadda ta iso Kalaba a 1876 ta rasu a 1915, ta tarar ana zubar da tagwaye a daji. A ɗakinta ta ajiye waɗanda ta tsinta, ta goya su, suka girma suna kiranta uwa. Saboda haka kiran yana kan gidajen masu bi. Sai dai buɗe ƙofa mataki na fari ne kawai. Abin da ya fi nauyi shi ne yadda za a zauna da yaron bayan ya shigo.

Ma'aunin teburi

Mefiboshet ɗan Jonatan yana da shekara 5 sa'ad da labarin mutuwar mahaifinsa da kakansa Saul ya iso. Mai renonsa ta ɗauke shi a guje, ya faɗi ya gurgunce (2 Sama'ila 4:4). Ɗan gudun hijira ne, maraya, kuma nakasasshe. Wani mutum mai suna Makir ya riƙe shi a Lodebar. Da Dawuda ya kafu a sarauta ya neme shi, ya yi masa abu biyu (2 Sama'ila 9). Ya mayar masa da dukan gonakin kakansa, ya kuma zaunar da shi a teburinsa yana ci kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki. Dawuda yana da ikon aika masa da hatsi Lodebar kowace kaka, a kuma yabe shi. Ya zaɓi ya ba shi wurin zama.

Wannan teburi shi ne ma'aunin kowane gida mai riƙo, kuma ba shi da wuyar aunawa. Kwanon da ɗan riƙo yake ci, daga tukunyar da aka zuba wa 'yan gida ne, a lokaci ɗaya, ko sai ƙanzo bayan kowa ya ƙoshi? In zazzaɓi ya kama ɗan gida an kai shi asibiti, shi ɗan riƙo ƙwaya biyu ake saya masa a kyamis? In kofi ya fashe, wa ake fara tuhuma? Aikin gida tarbiyya ce, kowane yaro ya kamata ya yi shara ya ɗebo ruwa. Amma in yaro ɗaya ne yake tashi da asuba ya kwanta bayan kowa, alhali tsararrakinsa suna barci, to an wuce tarbiyya an shiga bauta. Batun makaranta kuma ba alfarma ba ce: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara 9 na karatun farko ga kowane yaro a Nijeriya.

Sai batun gado. Sau nawa mutum ya rasu, kafin a share makoki 'yan'uwansa sun raba gona da gida da kuɗin sallamarsa, sa'an nan suka raba 'ya'yansa su ma kamar kaya? Wanda ya ci gonar maraya da sunan yana riƙonsa, ya karanta Fitowa 22:22-24, inda Allah ya yi gargaɗi cewa shi da kansa zai ji kukan gwauruwa da maraya, fushinsa kuma zai yi ƙuna a kan mai zaluntarsu. Abin da uba ya bari ajiya ce a hannun mai riƙo har yaro ya girma, kuma ya kyautu a rubuta shi a gaban shaidu.

A nan wata uwa mai gaskiya za ta ce, “Ba zan yi ƙarya ba, yadda nake jin ɗan cikina ba haka nake jin wannan ba.” Maganarta abin saurare ce, kada kuma a ɗora mata laifi a kan abin da zuciya take ji. Shaƙuwa takan zo a hankali, wani lokaci sai bayan shekaru, balle da yaron da ya ga an kashe iyayensa, wanda yake fitsarin kwance, ko ɓoye abinci a ƙarƙashin katifa, ko ya wuni bai ce uffan ba. Abin da Allah ya umarta yana hannun mutum: adalci wajen rabon nama, da haƙuri, da tsare harshe daga gori. Uwar da ta raba daidai alhali zuciyarta tana karkata ga nata, ta yi ƙauna irin wadda Sabon Alkawari yake nufi. Sau da yawa kuma zuciya takan bi hannu daga baya.

Naka ne, kuma ba naka ba ne

Abin da ya fi wuya a riƙo shi ne mutum ya ƙaunaci yaro kamar nasa, yana kuma sane cewa yaron yana da nasa asali. 'Yar Fir'auna ta reni Musa a fada, amma da ya girma ya san 'yan'uwansa, ya fita wurinsu (Fitowa 2:10-11). Mordekai ya ɗauki Esta 'yar kawunsa kamar 'yarsa bayan rasuwar iyayenta, da ta bar hannunsa kuma bai daina zagayawa kowace rana don ya ji lafiyarta ba (Esta 2:7, 11). Yusufu ya ba Yesu sunan gidansa da sana'arsa, ya gudu da shi Masar da dare, yana sane cewa yaron yana da Uban da ya fi shi.

Don haka ba daidai ba ne a shafe sunan mahaifin yaro, ko a hana shi yarensu, ko a riƙa zagin danginsa a gabansa. In uwarsa tana da rai, a bar ta ta gan shi. In akwai ƙannensa, a yi ƙoƙari kada a raba su. In kuma ranar ta zo da danginsa suka samu hali, aka tabbata komawar za ta amfane shi, mai riƙo ya sake shi da albarka ko da yana hawaye. Wani lokaci ma taimakon da ya fi shi ne kada a ɗauko yaron sam. Gwauruwar da take shirin ba da 'yarta saboda kuɗin makaranta ya fi ƙarfinta, in aka biya mata kuɗin ko aka ba ta jari, an riƙe yarinyar a ɗakin da ya fi dacewa da ita.

Akwai kuma yaron da ya fito daga gidan da ba na Kirista ba. Iyalin masu bi ba za su ɓoye addu'arsu ko su daina sujadar safe saboda shi ba. Amma yunwar yaro ba ƙofar tilasta masa ba ce. Canza masa suna a ɓoye, ko ɓoye shi daga danginsa da hukuma, ya saɓa wa gaskiya, yana kuma iya tada fitinar da za ta ci mutanen da ba su ji ba su gani ba. Bangaskiyar da aka saya da tuwo ba ta da saiwa. Basamariyen nan na Luka 10 ya biya kuɗin jinyar wanda ya tsinta a hanya ba tare da ya gindaya masa wani sharaɗi ba.

In ya yi butulci fa?

Mutane da yawa sun rufe ƙofarsu saboda labarin da suka ji ko abin da ya same su. Sun reni yaro, sun sayar da akuya sun biya masa makaranta, ya zama wani abu, yau ko gaisuwa ba ya aikowa. Zafin wannan na gaske ne, Littafi Mai Tsarki kuma bai ɓoye shi ba. Sa'ad da Ataliya take karkashe 'ya'yan sarauta, Yehosheba ta sace jariri Yowash, ita da mijinta Yehoyada firist suka ɓoye shi shekara 6 a Haikali, suna sayar da ransu kowace rana, har suka ɗora shi a gadon sarauta yana da shekara 7 (2 Sarakuna 11). Bayan rasuwar Yehoyada, wannan Yowash ɗin ne ya sa aka jajjefe Zakariya ɗan Yehoyada har lahira a farfajiyar Haikali (2 Tarihi 24:20-22).

Shin Yehoyada ya yi asara ke nan? Ta hannunsa zuriyar Dawuda ta tsira, zuriyar da Almasihu ya fito daga cikinta, aka kuma binne shi tare da sarakuna saboda alherin da ya yi. Wanda ya riƙi yaro don ya zama masa jari a tsufa, ciniki ya yi, ciniki kuwa yana da riba yana da faɗuwa. Wanda ya riƙe shi saboda Ubangiji, Matiyu 18:5 ta nuna masa wanda ya karɓa a gidansa, ladansa kuma ba ya hannun yaron. Ban da haka, 'ya'yan ciki ma sukan yi butulci, amma ba wanda ya daina haihuwa saboda wannan. Manzo Bulus ya tuna wa Romawa da Galatiyawa cewa kowane mai bi ɗa ne da aka karɓa cikin iyalin Allah ta wurin alheri, tun bai cancanta ba (Romawa 8:15, Galatiyawa 4:5). Duk mai zuwa teburin Jibin Ubangiji ya riga ya ɗanɗana abin da Mefiboshet ya ɗanɗana.

Doka da aikin ikkilisiya

Kyakkyawar niyya tana bukatar tsari. Nijeriya ta kafa Dokar Kare Haƙƙin Yara a 2003, wadda ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Ta bambanta riƙo, wanda ba ya yanke alaƙar yaro da asalinsa, da ɗaukar yaro ya zama ɗan mutum na dindindin a idon doka. A ƙarƙashinta kotu ce take ba da izinin riƙo, bayan ta duba shekarun mai nema, da halinsa, da lafiyarsa, da ƙarfinsa na ɗaukar nauyin yaro. Jihohi suna da nasu dokokin a kan wannan, kamar Filato tun 2005 da Kaduna tun 2018. Duk wanda zai karɓi yaron da ba na danginsa ba, ko yaron da aka tsinta, ya fara da ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukumarsa ko ma'aikatar harkokin mata ta jiharsa. Kada ya ba kowa kuɗi don a ba shi jariri, domin wannan fataucin mutane ne komai kyan sunan da aka sa masa. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take zartarwa, ta kuma haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida.

Kafin yaro ya shigo, miji da mata su yarda da baki ɗaya, su kuma shirya 'ya'yansu, don riƙon da aka tilasta wa uwargida a kan yaron yake ƙarewa. Su lissafa abin da za su iya da gaskiya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, gara kuwa a riƙi ɗaya da kyau da a tara biyar a yi musu riƙon sakainar kashi.

Idon jama'ar da birni ya kawar, ikkilisiya ce za ta maye gurbinsa. Dattawa su san kowane yaron riƙo da ke gidajen membobinsu, da sunansa da ajin da yake. Zumuntar Mata in ta kai ziyara, ta nemi ganin yarinyar da ke kicin, ta yi magana da ita a keɓe. Ba kowane gida ne zai iya ɗaukar yaro ba, amma wani zai iya biyan kuɗin zango ɗaya, wani buhun masara, wata malama kuma darasin yamma. In kuma aka gano ana azabtar da yaro, ko wani namiji a gidan yana lalata da yarinya, kada a rufe maganar don tsare sunan dattijo ko na ikkilisiya. A fitar da yaron, a kai maganar ga hukuma. Kashedin da Ubangiji ya yi a Matiyu 18:6 game da dutsen niƙa bai ware mai muƙami ba.

Yakubu 1:27 ta sa kula da marayu da gwauraye a cikin ainihin ma'anar addini mai tsarki a gaban Allah. Iyalin da ke da ɗan riƙo a yau ba sai sun jira wani babban taro ba. A daren nan, in an zuba tuwo, maigida ya duba inda yaron yake zaune, ya kira shi da sunansa ya matso. Ranar Lahadi kuma uwargida ta karɓi goyonta, ta bar yarinyar nan ta shiga ajin Makarantar Lahadi tare da sauran yara. Ubangiji, uban marayu, ya ba gidajen masu bi zuciya da ƙarfin riƙon wannan amana. Amin.